Tef ɗin Tela da Akwatin Alƙali

Dokar farko a takardar gasar mutum-mutumi ta 'yan makaranta ba ta da wuyar ganewa. Kowane mutum-mutumi sai ya shiga akwatin awo kafin a bar shi ya hau fili: santimita talatin tsawo, talatin faɗi, talatin tsayi, murfi kuma ya rufe. Wanda bai shiga ba, a ba masu shi minti ashirin su gyara, a sake gwadawa sau ɗaya. In ya sake ƙi, su nemi benci su yi kallo. Doka ta biyu ta fi zafi. Da an shiga zauren, babu babban da zai taɓa na'urar ko ya faɗa wa yara abin da za su yi. Uwa ce, uba ne, malami ne, duk bayan igiya za su tsaya.

Doguwa ta haddace takardar nan tsaf. 'Yar tela ce, shekararta goma sha biyar, kuma sunan ya bi ta ne saboda ba ta shekara da riga ɗaya ba ta fi ƙarfinta ba. Ita ke haɗa ƙarfe da waya. Ƙawarta Tabarau ita ke rubuta wa na'urar umarni a kwamfuta. Wata huɗu suka yi suna aiki a ƙarshen teburin yanka na shagon mahaifiyar Doguwa, tsakanin almakashi da guntayen yadi, har suka fito da wani abu gajere mai taya huɗu da ɗan shebur a gaba. Suka sa masa suna Kunkuru.

Aikinsa shi ne ya bi baƙin layi, ya kwashi ƙwallaye shida da shebur ɗin ya tura su cikin raga. Kowace ƙwallo maki goma. Wanda ya taɓa na'urarsa bayan an busa usur, a cire masa biyar. Kunkuru ya iya aikin, sai dai yana da hali guda: da an kunna shi sai ya yi zabura baya kaɗan kafin ya kama hanya. Tabarau ta bi umarninta layi-layi ba ta gano dalili ba.

Awo kuwa da tef ɗin mahaifiyar Doguwa, wadda kowa ke kira Tela, suka yi shi, wanda ke rataye a wuyanta kullum. Ita da kanta ta juya shi ɓangaren santimita ta ɗora, daga bayan Kunkuru zuwa bakin shebur.

"Talatin cif," ta ce. "Ko gashin ido bai ƙaru ba."

Ranar gasa Tela ta rufe shago, abin da ba ta yi ko da mura. Ƙanenta mai walda, wanda yaran ke kira Kawu, ya biyo su da jakar kayan aikinsa duk da ba wanda ya ce ya kawo. Zauren makarantar ya cika, ƙungiya ashirin da uku, kowace da teburinta.

Alƙalin awo wani dattijo ne da ake kira Baba Sikeli. Shekara talatin yana gyaran ma'auni a kasuwa. Bai san komai ba game da kwamfuta, kuma masu shirya gasar ba don ita suka ɗauko shi ba. Sun ɗauko shi ne don ba a taɓa jin wanda ya roƙe shi ya kau da kai ya kau ba. Yana zaune da akwatin katako a gabansa, sanye da riga mai hannu da ta tsaya masa nesa da wuyan hannu.

Doguwa ta saka Kunkuru a akwati. Bayansa ya zauna. Bakin shebur ya hau kan katako ya tsaya.

Ta ɗaga shi ta sake sakawa. Haka dai.

"Bai shiga ba," in ji Baba Sikeli.

"Baba, bari in ɗan karkata shi."

"A miƙe doka ta ce."

Daga bayan igiya Tela ta ɗaga murya. "Malam, akwatinka ne ya yi kaɗan. Ni na auna abin nan da hannuna."

"Zo ki auna akwatin, Malama. Shi ba na yara ba ne, kina iya taɓawa."

Ta tsallake igiya ta zare tef daga wuyanta ta shimfiɗa a bakin akwatin. Ta juyo tana nuna wa kowa. "Ga shi. Ashirin da tara. Kafintanku ya ci santi ɗaya."

Kawu ya ce, "Na faɗa tun daga nan, idona ba ya ƙarya. Akwatin nan a matse yake."

Baba Sikeli bai yi musu ba. Ya buɗe jakarsa ya fito da rular ƙarfe, ya ɗora a kan akwatin. Talatin. Sannan ya kwantar da rular a tebur, ya ce ta jera tef ɗinta kusa da ita. Farkonsu ya zo daidai. Wajen goma an fara rabuwa. Inda tef ya ce talatin, rula ta ce talatin da ɗaya.

"Shekara nawa yana wuyanki?"

"Goma sha tara."

"Ya miƙe. Ja da zufa da guga. Duk tef ɗin yadi haka yake ƙarewa."

Tela ta daɗe tana kallon lambobin. "Ban taɓa ɓata wa kowa ɗinki da shi ba," ta ce, muryarta ta sauka.

"Na yarda. Da shi kike auna mutum, da shi kike auna yadi, don haka bai taɓa saɓa wa kansa ba. Amma nan gida ashirin da uku ne suka zo, kowa da tef ɗinsa. Shi ya sa aka yi akwati ɗaya." Ya danna agogo. "Minti ashirin, 'yan mata. Malama, koma bayan igiya."

Yaran suka ɗauki Kunkuru zuwa teburinsu. Doguwa ta ajiye shi ta zuba wa shebur ɗin ido.

"A yanke leɓen shebur ɗin," in ji Tabarau.

"Leɓen ne ke riƙe ƙwallo. In babu shi duk za su watse."

"To a matsar da shi ciki."

"Batir ne a wurin. Ina za ki kai batir, aljihunki?"

"Ni dai na ce mu ari rular ajinmu, kika ce tef ɗin Mama ya fi kowace rula."

"Yanzu lokacin wannan ne, Makauniya?"

"Sandar rake kawai. Miƙo sifana."

Minti shida suka tafi a haka.

A bayan igiya Kawu ya kasa tsayuwa wuri ɗaya. Ya buɗe jaka ya rufe. Ya yi tari. Ya ɗaga yatsu biyu yana kwaikwayon almakashi.

"Yaya, minti ɗaya ya ishe ni. Zarto na nan a jaka. In Doguwa ta ce za ta je shan ruwa, ni kuma in bi ta baya..."

Tela ta karɓe jakar daga hannunsa, ta ajiye a benci, ta zauna a kai.

"Sauke hannunka."

"Laifinmu ne fa, ba nasu ba."

"Laifina ne. Na ɓata musu da awo, ba zan ƙara musu da sata ba."

Gaskiyar magana, ita ta riga ta ga mafita. Kallo ɗaya ta yi wa shebur ɗin ta gane, don abin da hannunta ke yi ne sau goma a yini. Kalma ɗaya za ta faɗa, 'yarta ta ji. Ta naɗe tef ɗin a yatsa ta warware, ta sake naɗewa, ba ta ce komai ba. Iyaye da yawa ba sa iya wannan. Su yi wa yaro aikinsa, su kira shi ƙauna, yaron ya tashi da kyautar da bai san yadda aka samo ta ba. A zauren nan ma an kori ƙungiya biyu kafin azahar, ɗaya saboda uba, ɗaya saboda malami.

Saura minti tara Doguwa ta share goshinta da hannun riga. Bakin hannun ya juyo, ta ga kalmasar da ke ciki, faɗin yatsa uku. Haka uwarta ke ɗinka mata kayan makaranta: ta bar tsawo, ta naɗe shi ciki, duk zangon karatu ta warware kaɗan.

"Tabarau. Mama ba ta yanke abin da ya yi tsawo. Kalmashe shi take yi."

"Ƙarfe za ki kalmashe?"

"Noti biyu ne ke riƙe da shebur a kowane gefe. In na cire na gaba na sassauta na baya, zai ɗagu sama kamar murfin tukunya. A tsaye zai shiga akwati."

"Wa zai sauke shi a fili? Kin taɓa, maki biyar."

Suka kalli juna. Tabarau ce ta fara dariya.

"Zaburar banzan nan tasa."

Ta ruga wurin Baba Sikeli. "Baba, in an busa usur, na'ura tana iya wuce talatin?"

"Ba na ba da shawara. Ga takarda, kina da ido huɗu."

Ta bi da yatsa ta karanta a fili: "Dole ya shiga akwati kafin usur." Babu maganar bayan usur. Ta ɗago. Dattijon yana kallon agogonsa, amma gefen bakinsa ya motsa.

Doguwa ta cire notin gaba, ta mayar da su ƙasa kaɗan don shebur ya samu abin da zai zauna a kai in ya faɗo. Suka ajiye Kunkuru a ƙasa suka kunna. Ya zabura baya, shebur ya girgiza, bai faɗo ba. Ta ƙara sassautawa rabin juyi, ta ɗan tura shi gaba. Suka sake kunnawa, ya faɗo. Ba su sami damar gwaji na uku ba.

Baba Sikeli ya sa Doguwa ta saka shi da hannunta. Kunkuru ya zauna a ƙasan akwati, shebur a tsaye. Murfi ya rufe. Dattijon ya buɗe ya sake rufewa, ya zura takarda ta gefe ya ga ta wuce, sannan ya buga hatimi a katinsu.

"Ya shiga."

Kawu ya rungumi wani mutum da bai sani ba.

Su ne na goma sha ɗaya a fili. Doguwa ta ajiye Kunkuru a farkon layi ta ja baya. Aka busa usur, Tabarau ta danna maɓalli a kwamfuta. Ya zabura. Shebur ya yi gaba ya tsaya a iska kamar mai shawara, sannan ya faɗo ƙwas a kan notinsa. Yaran wasu makarantu suka yi ta tafi, don sun zaci da gangan aka tsara shi haka tun farko.

Ya bi layi a hankali yadda ya saba. Ƙwallo ɗaya, biyu, har shida suka taru a shebur. A kwanar ƙarshe shebur ɗin, da yake yanzu sako-sako ne, ya yi tsalle, ɗaya ta gangaro gefe. Hannun Doguwa ya miƙa da kansa. Ta kama shi da ɗayan ta cusa a hammata. Biyar suka shiga raga. Maki hamsin, ba a cire ko ɗaya ba.

Saura tambayoyin alƙalai, masu maki ashirin. Wata malama mai koyar da aikin injiniya ta sa Doguwa ta kwance shebur ta mayar a gabanta, ta gyaɗa kai. Sannan ta juya ga Tabarau.

"Me ya sa yake ja baya kafin ya tafi?"

"Ba mu sani ba, Malama. Wata huɗu muna nema."

"Kin san zan rage muku maki a kan wannan?"

"Na sani."

Ta ba su goma sha huɗu, ta kuma rubuta wa Tabarau abu biyu da za ta duba a bayan katin. Da aka haɗa lissafi suka zo na biyar cikin ashirin da uku. Ba kofi, sai takardar shaida da sunan Kunkuru a jiki. Doguwa ta ɗaga ta sama, kuma da yake ita ce, har na ƙarshen zaure sun gani.

Kawu ya riga ya tara mutane a bakin ƙofa. "Jini ne," yake cewa. "Tun tana rarrafe take wasa da sifanata."

"Kawu, kai da ka ce a yanke," in ji Doguwa.

"Gwada ku nake yi."

Tela ta riƙo hannun 'yarta ta juya bakin rigar ta duba. "Wannan ma ya kai a warware," ta ce. Ba ta saki hannun ba.

Baba Sikeli ya zo wucewa da akwatinsa a hammata. Ta tare shi.

"Malam, rular nan taka, a ina ake samun irinta? Ta yara nake so, a rataye musu a shago."

"Wajen masu kayan gini. Ki ce ta ƙarfe."

"Na ji. Kai kuma wa ya ɗinka maka rigar nan?"

Ya kalli hannunsa. "Me ta yi?"

"Ta gaza da santi uku, kai da ke kore yara a kan ɗaya. Kawo yadi ranar Litinin."

"Da wane tef za ki auna ni?"

"Da nawa."

Dattijon ya ƙura wa tef ɗin ido, kamar an kawo masa sikeli mai gardama.

"In dai da shi za ki yanka," ya ce, "zan zo."