Harshen Ishaku a Bakin Taga

An cire Miriam daga gasar harbi ta jiha ne saboda wani ɗan sauti da ubanta ya yi da harshe a bakin taga. Harbin da aka kore ta a kansa kuwa shi ne mafi kyau da aka yi a zauren ranar.

Ubanta Ishaku maigadi ne a wani gida a Barnawa, yana zaune a Narayi da matarsa Talatu. Kafin gadi ya yi aikin masaƙa a Kakuri har aka rufe ta, kafin masaƙa kuma maharbi ne a ƙauyensu can wajen Kachia. A garinsu yaro ba ya jan kunamar bindiga da ra'ayin kansa. Babba ne ke durƙusawa a bayansa, yana kallon nama, yana kallon kafaɗar yaron, in ya ga komai ya zauna sai ya buga harshe a saman baki, tak. Magana tana korar nama, wannan sautin ba ya kora. Haka aka koya wa Ishaku, haka shi ma ya koya wa Miriam a 'yar gonar masararsu ta bakin kogi, da danƙo tukuna, daga baya da wata tsohuwar bindigar iska da yake harbin kurciya da gafiya.

Sai dai a ƙauye akwai ranar da ake yaye yaro. A tura shi daji shi kaɗai, ya dawo da nama ko ya dawo da kunya, daga ranar babba ya rufe bakinsa. A Narayi babu dajin da za a tura yarinya. Ranar ba ta taɓa zuwa ba, Ishaku kuma bai taɓa lura ba.

Wani tsohon soja ne mai suna Nelson ya ɗauko ta. Majami'arsu ɗaya, shi ne kuma ke horar da matasan jiha harbin gasa a zauren wata makaranta a Barnawa. Ya ba ta aron bindigar hukuma da wata riga mai tauri kamar busasshiyar fata, wadda ke riƙe jiki kada ya motsa. Harbin nasu ba na nama ba ne. A tsaye ake yi, ana auna wani baƙin tabo a takarda daga wannan bangon zuwa wancan, tsakiyar tabon kuma bai fi kan allura ba. Ishaku ya yi dariya ranar farko, ya ce bai taɓa ganin inda manya suka taru suna kashe takarda ba. Amma bai fasa zuwa ba. Yana tashi daga gadi da safe sai ya wuce zauren, ya zauna a benci bayan 'yarsa.

Ba a daɗe ba Miriam ta wuce duk 'yan matan. Za a zaɓi biyu su wakilci jiha a wasannin ƙasa, ana kuma cewa waɗanda suka je za a ɗauke su aiki a hukumar wasanni. Bana ce kaɗai damarta, don baɗi shekarunta sun wuce na matasa.

Nelson yakan gaya musu cewa bindiga ba ta da wuya, kai ne ke da wuya. Harbin da ya wuce ba naka ba ne, wanda bai zo ba ma ba naka ba ne. Naka shi ne numfashin da kake ciki da yatsan da ke kan ƙarfe. Wanda hankalinsa ya tafi gida ko ya tafi wajen kyauta, harsashinsa ma can zai bi shi. Ishaku yana jin wannan yana gyaɗa kai, don shi ma ya san hakan a daji, bai dai san ana faɗarsa da baki ba.

Nelson ne ya gano abin. Ya lura duk ranar da Ishaku bai zo ba sai yarinyar ta riƙe bindiga har hannunta ya gaji, ta sauke, ta sake ɗagawa, a ƙarshe ta harba gefe. Wata safiya ya zauna kusa da Ishaku a benci bai kalli takarda ba sam, bakin mutumin yake kallo. Da aka tashi ya ja shi waje.

"Baban Miriam, wa ke harbin nan, kai ko ita?"

Ishaku ya ce bai gane ba. Nelson ya buga harshensa, tak, daidai yadda Ishaku yake yi. Ishaku ya tsaya yana kallonsa. Shi har ga Allah bai san yana yi ba.

Nelson bai ɓoye masa komai ba. Ya ce a dokar gasa, in mai harbi ya shiga layi babu wanda ya isa ya ba shi alamar lokacin harbi, in aka kama kora ce. Amma ba dokar ce ta fi damunsa ba. Yarinyar idonta na kan takarda, hannunta na kan bindiga, hankalinta kuwa yana bayanta a kan benci, yana jiran izini.

"Ka gina mata gida mai kyau," in ji shi, "ka riƙe makullin a bakinka."

Ishaku ya daina zuwa. Nelson ya ba Miriam auduga ta toshe kunne, ya koya mata ta bi numfashinta, in ya fita rabi ta matsa kunama a hankali. Wata rana abin ya yi, wata rana ya ƙi. Takan dawo gida ta zauna a bakin ƙofa ba ta cire takalmi ba. Da uban ya tambaye ta sai ta ce tana ganin tabon sarai, ta san lokacin ya yi, amma yatsan kamar na wani ne. Ya ce to ta buga harshen da kanta mana. Ta ce ta gwada, nata ba ya aiki.

Ya kai ta gona ya koma nesa bayan wata bishiyar kuka ya bar ta da kurciyoyi. Ta auna wata har kurciyar ta gama cin abin da take ci ta tashi. Ya yi mata faɗa, ya dawo ya lallashe ta, ya kai ta wurin fasto aka yi addu'a. Abin da aka shekara goma sha wani abu ana dasawa bai fita a 'yan makonni ba.

Daren jajibirin gasa Miriam ta roƙe shi ya zo, ko a waje ne ya tsaya, ta dai san yana nan. Talatu ta ce kada ya je. Ta ce ta san mijinta, mutumin da ko tana yanka albasa sai ya buga mata harshe. Ishaku ya ce zai cika bakinsa da namijin goro. Talatu ta ce ko dutsen niƙa ya cusa, harshen nan zai sami hanya.

Ya je. Zauren ya cika da iyaye da 'yan makaranta, janareta na ƙugi a baya. Nelson ya hana shi shiga, don mai horar da wata yarinya, Fatima ta Unguwar Mu'azu, ya riga ya kai ƙorafi wurin alƙalin gasa cewa akwai wani tsoho mai yi wa 'yarsa alama. Ishaku ya zagaya gefe ya sami wata taga da gilasanta biyu suka fashe. Daga nan yana ganin Miriam ta gefe, kafaɗarta da kumatunta da bakin bindigar.

Ta tsallake zagayen farko da ƙyar. A zagayen ƙarshe harbi ɗai-ɗai ake yi: alƙali ya ba da izini, kowa ya harba kafin ɗan lokacin da aka ba shi ya ƙare, wanda bai harba ba a rubuta masa babu. Ana rage su ɗaya bayan ɗaya har suka zama uku, ita da Fatima da wata doguwa. Biyu za a ɗauka.

Ishaku yana tauna goro yana kallo. Yana ganin abin da ba kowa ke gani ba: yadda bakin bindigarta ke yawo kaɗan, ya rage, ya rage, ya tsaya cak kamar an kafa shi a bango. Nan ne wurin. Sai ya ga wurin ya wuce, bakin ya sake fara yawo, sannan ta harba. Kowane harbi haka, a makare. Ya danne harshensa da haƙori har ya ji gishirin jini ya gauraya da ɗacin goron.

Kafin harbin da zai raba su, Miriam ta ɗora bindigar a kan maɗorinta ta share tafin hannu a wando. Ba ta juyo ba. Ta dai kai hannu kunnenta na ɓangaren taga, ta zare audugar, ta sa a aljihu.

Ishaku ya gane. Ya so ya bar tagar, amma bai tafi ba. Ya ce a ransa ba zai yi ba, in ta faɗi ta faɗi da hannunta. Alƙali ya ba da izini. Fatima ta harba, doguwar ta harba. Zauren ya yi tsit, saura Miriam. Ta ɗaga, ta kwantar da kumatu, numfashinta ya fita rabi. Bakin bindigar ya yi yawo, ya rage, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye fiye da yadda ya taɓa gani. Alƙalin ya duba agogo.

Tak.

Ishaku bai san lokacin da ya fita daga bakinsa ba. Harsashin ya bi bayan sautin kamar da zare aka ɗaure su. Mai duba takarda ya ɗaga hannu yana murmushi, tsakiya ce cif. Yara suka fara tafi.

Alƙalin bai kalli takardar ba. Dama kunnensa na wajen tun da aka kai masa ƙorafi, kuma a shirun nan har na bayan zaure sun ji. Ya tako har bakin tagar ya leƙo.

"Baba, kai ne uban yarinyar nan?"

Ishaku ya ce shi ne. Ya ce goro ne ya maƙale masa. Alƙalin ya dube shi, ya juya ya dubi kunnen Miriam da babu auduga, ya koma teburinsa. Nelson ya bi shi yana magana ƙasa-ƙasa. Ishaku ya zagayo da gudu, aka tare shi a ƙofa, ya durƙusa a nan gaban mutane yana cewa shi za a hukunta, a kulle shi in ana so, yarinyar ba ta ce ya yi ba. Alƙalin ya ce ya tashi don Allah, shi ba shi da hukuncin da zai yi wa mai kallo. Wanda ke kan layi kaɗai doka ta sani.

A keke mai ƙafa uku suka koma Narayi, mai keken na ta ƙorafin ramukan hanya. Talatu na ganin fuskokinsu ta koma ciki ta sauke tukunya. Da yamma Ishaku ya sami Miriam a bayan gida tana wanki, ya ce ta zage shi, ta faɗi duk abin da ke ranta, ya yafe tun kafin ta faɗa.

"Baba, ni na cire audugar," ta ce. Ta ci gaba da wankinta.

Nelson ya yi ta zirga-zirga a ofisoshi ko za a sake dubawa, aka ce masa an riga an tura sunaye. Fatima da doguwar suka tafi wasannin ƙasa. Ishaku bai rasa komai ba, gadinsa na nan, mutanen unguwa ma har yau suna kiransa in maciji ya shiga gida. Miriam ce ta mayar da bindigar hukuma da rigar, shekarunta suka wuce, ta sami aikin ɗaure burodi a leda a wani gidan burodi a Kakuri. Tun asuba take fita, kuma ba ta ƙara taɓa bindiga ba.