Musun Ranar Litinin

Tabita na cikin buɗe kwanon shinkafarta Hauwa ta ajiye mata kaset ɗin bidiyo a cinya, ta ce ɓata lokacinta kawai ta yi da ta kalli wannan fim. Suna zaune ne a inuwar katangar kamfanin alewa da suke aiki a Sharaɗa, lokacin hutun rana, hannayensu na ta ƙamshin sukari. Tun da aka haɗa su a teburin naɗe alewa suke haka. Ɗaya ta karɓo kaset haya ta kalla, ta miƙa wa ɗayar, ranar Litinin su yi ta musu har a buga ƙararrawa. Hauwa na son waƙoƙin fim, Tabita kuwa cewa take yi ana jan su har tuwo ya ƙone a kan wuta.

Fim ɗin wannan makon labarin wani tela ne da ya rufe shagonsa ya hau jirgin ƙasa zuwa kudu neman aiki, bai sallami kowa a unguwarsu ba. Hauwa ta ce wannan rashin mutunci ne, mutanen da suka ci suka sha tare da shi sun fi ƙarfin haka. Tabita ta ce ita dai ta tausaya masa. Ta tuna mata wurin da ya tsaya a ƙofar gidan amininsa, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya fasa. A ganinta nan ne kaɗai ɗan wasan ya yi abin kirki.

"Tsoro ne," in ji Hauwa.

"Ba tsoro ba ne. In ya faɗa da bakinsa, tafiyar ta tabbata ke nan."

Tabita ta sunkuyar da kai tana juya cokali. Masaƙar da mijinta Elisha yake aiki a Bompai ta rufe tun kafin damina, ya yi ta yawon neman wani aikin har ya gaji. Sun yanke shawarar komawa Zonkwa, inda mahaifinsa ya bar masa gonar citta. Ta riga ta sanar da ofis cewa wannan makon ne na ƙarshe, amma kullum ta zo gaya wa Hauwa sai ta tsinci kanta tana zancen fim.

Hauwa ta rufe kwanonta a hankali. Ta ce Idi, direban motar kamfani, ya gaya mata Elisha na neman motar da za ta kwashe musu kaya. Ta daɗe da sani, jira kawai take yi ta ji daga bakin mai maganar.

"Maman Joshuwa, ni ce za ki tafi ki bari ba sallama?"

Tabita ta ajiye cokalin. Daga baya ta ce can ƙauyen ba su da wuta ma, balle bidiyo. Ta yi ƙoƙarin yin dariya, ta ce Hauwa za ta huta da mai kushe mata waƙoƙi. Hauwa ba ta yi dariya ba. Ta ce sauran matan teburin duk abin da ta ce ya yi kyau sai su ce ya yi kyau, da wa za ta yi musu?

Aka buga ƙararrawa, suka koma ciki. Har yamma suna naɗe alewa kafaɗa da kafaɗa, ƙarar injin ta hana kowa magana.

Da aka tashi suka fito bakin titi tare da sauran ma'aikata. A nan suke rabuwa kullum, Hauwa ta nufi Ɗorayi, Tabita ta hau bas ɗin da zai kai ta cikin gari ta sake wani zuwa Nassarawa. Duk shekarun nan babu wadda ta taɓa taka gidan 'yar'uwarta. Bas ɗin Tabita ya zo, yaron mota na kiran fasinja, har ya matsar mata da wuri. Ta tsaya tana kallon bas ɗin har ya cika ya tashi.

Ta juyo ta tambayi Hauwa ko gidansu da nisa daga titi.

"Akwai 'yar tafiya," in ji Hauwa. "Kuma hanyar duk taɓo ce."

Tabita ta ɗan ɗage zanenta, ta ce su je.