Ramin Ƙafar Illiya

Illiya direban kamiyo ne, babbar motar kaya, mutumin Tawa, yana dako tsakanin Wagadugu da Lome, kuma kaf unguwar Zango ta Wagadugu an san shi da bakin tsokana. To, shekarar da gwiwarsa ta hagu ta kumbura, bakin nan ya mutu murus. Ƙafar taka ambireyaj ce fa, wato kuloci, da ita yake ci da Saratu matarsa da yaransu.

An taɓa yi masa aiki sau ɗaya. Ƙari ne ya cinye cikin ƙashin, ba irin mai yawo a jiki ba, aka buɗe aka kwashe aka ɗinke. Bai shekara ba abin ya dawo, har ya fi na da.

Wannan karon hannun Dokta Zungrana ya faɗa, wata siririyar Bamosa mai Hausar kasuwa gauraye da Faransanci. Ta ɗaga radiyon ƙafar, wato hoton ƙashin, ta ce kwashewa kaɗai ba ta isa ba, don ƙarin yana barin iri a lungunan ƙashi. Za ta kankare bangon kogon da injin gurza, ta shafe shi da fenol, wani magani mai ƙuna da ke kashe abin da ido bai gani ba, ta ɗauraye da alkol, sannan ta cike da simintin ƙashi, wanda zafinsa in yana daskarewa yake ƙone sauran. Amma ba ta yi masa rufa-rufa ba. In ta buɗe ta tarar ƙarin ya fasa ƙashi ya naɗe jijiyoyin jini, ƙafar za ta tafi. Illiya ya amince.

Ranar aikin, allurar kashe jiki aka yi masa a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya zama kamar ba nasa ba, aka tare masa gani da zane. Kunnensa kuwa garau. Can sai ya ji inji yana cin ƙashi, ya ce shi ke nan, zarto ne. Ƙaton mutum, wanda ke zagin 'yan duwan masu karɓar harajin kaya a kan iyaka, sai ga hawaye suna shiga masa kunne. Tsoro ya ji, tsoron zama a bakin masallaci ana cewa Allah sarki. Bayan wani lokaci wari mai hawa kai ya cika ɗakin, irin na gam ɗin masu faci.

"Madam, kin gama yankewa?" in ji shi.

"Ba na zuba siminti a ƙafar da zan yar," ta ce. "Yi mini shiru, yana daskarewa."

Da aka turo shi waje, wa zai gani? Kawunsa Shitu, tsohon mai sayar da yadi, tsaye da farin ƙyalle a hammata yana sa'insa da ma'aikaciyar jinya. Shi a wajensa gaɓar Musulmi ba ta zuwa wurin ƙona shara, sai a naɗe ta a binne. Don kada a riga shi, tun da safe ya sa an haƙa ɗan rami a maƙabarta, yanzu kuma ya zo a ba shi ƙafar ɗan ƙanwarsa. Ma'aikaciyar ta gaji da bayani, ta yaye zanen. Ga ƙafa a naɗe da bandeji, ga yatsu biyar cif. Saratu ta rangaɗa guɗa a tsakiyar asibiti, sai da aka kore ta waje.

Kawu Shitu kunya ta kama shi, ya ce zai aika a cike ramin. Illiya, da bakinsa ya fara dawowa, ya ce wallahi kada wanda ya taɓa, a rufa masa kwanon rufi a ajiye.

Amfanin simintin ke nan, ba a daɗewa ake taka ƙafa. Da ɗinki ya warke likita ta yarda ya taka, da sharaɗin ya riƙa zuwa ana ɗaukar radiyo, don ƙarin nan ba a sake jiki da shi. Rannan bayan la'asar rabin Zango suka hau baburansu mobilet suka raka shi maƙabarta, direbobi har da masu goro. Aka yi wa mamata sallama, aka ɗaga kwanon. Ramin ɗan ƙarami ne, daidai daga gwiwa zuwa tafi, Kawu ya auna da kyau.

Illiya ya miƙa wa abokinsa sandar da yake dogarawa. Ya tsaya a kan ƙafar dama, ya sa ta hagu ya dinga tura ƙasa har ramin ya cika. Sannan ya hau kai da ita, ya danna da dukan nauyinsa. Gwiwar ba ta ce uffan ba.

Ya juyo ya ga tsohon yana share ido da bakin rawani.

"Kawu," ya ce, "ranar da za ta shigo nan, tare za mu zo."