Kwamfutar Baban Pei-shan

Tunda baban Pei-shan ya rasu kwamfutarsa ta koma hannunta, kuma tun ranar take gwada mata hali. Idan ta kunna ta da safe, sai ta dafa shayi ta shanye kafin allon ya buɗe ido. Da ita take karɓar odar ganyen shayin da take sayarwa, ga masu saye sun fara guduwa. Gaskiyar magana kuma, Pei-shan ta gaji da jira. Shekarun ciwon tsohon duk a jiransa ta yi su: ya tauna, ya haɗiye, ya ɗaga ƙafa. Yanzu kuma na'urarsa ta ɗora daga inda ya tsaya.

Da tsakar rana ta ɗaure ta a babur ta nufi shagon Kawu Liao, mai gyaran da ke bayan kasuwa a birnin Tainan. Tsoho ne mai tsawon baki, ba ya taɓa na'ura sai ya zage ta tukuna.

Ya buɗe, ya duba, ya yi tsaki. "Wannan ai sa'ata ce. Me kike so a yi mata, 'yata, jana'iza?"

"Fomatin, Kawu. A share komai a zuba sabuwar manhaja. Na kwashe hotunan."

Ya daɗe yana kallon allon. Babu ƙwayar cuta, babu tarkace, ba abin da ke aiki a ciki, amma fankarta na numfashi a hankali kamar mai barci.

"Ta wace ce?"

"Ta babana ce. Ya rasu."

"Ya yi shekara?"

"Bai yi ba."

Kawu Liao ya janye hannunsa. "To kin tambaye shi? Mutum bai gama tafiya ba ki share masa ɗaki?" Ya tura mata kwabbai biyu a kan kanta. Ta san abin, da su ta riƙa tambayar mamacin ko ya ƙoshi lokacin makoki. In an jefa suka faɗi ɗaya fuska ɗaya baya, ya yarda. Duka biyu baya, ya ƙi. "Bari in ɗauko filas ɗin da manhajar take ciki. Ki yi masa magana da ladabi, ba irin ta 'yan zamani ba."

Ya shige ciki. Ta haɗa hannu ta ce, "Baba, ni ce. Zan wanke kwamfutarka, ka yarda?" Ta saki kwabban. Duka biyu baya. Ta sake, haka. Ta sake, sai suka faɗi ba ko ƙara, kamar an tare su da tafin hannu an ajiye. Duka baya.

Tsikar jikinta ta tashi, amma haushi ya fi tsoron yawa. Ko a raye haka yake, a'a ce kalmarsa ta farko. Ta ji takun Kawu, ta sa ɗan yatsa ta juya guda ɗaya.

"Ya yarda," ta ce.

Ya kalli kwabban, ya kalle ta. "Shi ke nan. Tsakaninku ne."

Ya soka filas, ya zaɓi a share duka. Layin da ke nuna tafiyar aikin ya tsaya cak a tsakiya, fankar ta ja dogon numfashi guda ta yi tsit. Daga nan aiki ya tafi a guje. Da kwamfutar ta sake tashi, kafin ƙiftawar ido ta buɗe, fes, ba sunan kowa a kanta.

"Ga ta nan kamar amarya," in ji Kawu Liao, amma bai yi dariya ba.

Pei-shan ta fito da sanyi a ranta, ta ɗaure kwamfutar a gaba, ta tayar da babur. Ba ta kai kwanar kasuwa ba ta ji bayan babur ɗin ya nutse. Injin ya soma nishi. Ta leƙa madubi, titi kawai ta gani da hasken rana. Sai wani abu ya kama gefen rigarta, riƙon yatsu biyu mai rawa, irin wanda babanta yake yi mata a hanyar asibiti.

A mahaɗar titi ta tsaya, har danja ta ba da hannu, na baya suna ta hon.

"Riƙe da kyau, Baba," ta ce, ta ja babur ɗin a hankali.