Mita Ɗari Shida da Arba'in

Kwana uku ke nan wayar tarho ta mutu a wani ƙauye da ke gindin tsaunukan Rodopi, shi ne aka turo Injiniya Zdravko da akwatinsa. Aikin akwatin bai fi na mai ihu a bakin rijiya ba: ya aika sigina cikin wayar da ke binne, ya jira amsa-kuwwa, daga jinkirinta ya faɗi nisan inda ta tsinke. Ya ce mita ɗari shida da arba'in.

Zdravko ya yarda da taswira fiye da mutane, haka jami'a ta koya masa. Ya auna a miƙe, awon ya ƙare a tsakiyar tumatirin Goggo Tsveta, wanda shekara bakwai a jere yake kayar da na maƙwabcinta Kawu Grozdan a gasar ƙauye.

"Ka taɓa mini kunyar tumatir ɗaya, ɗan nan, in binne ka kusa da wayarka," in ji ta.

Grozdan, wanda yana cikin waɗanda suka binne wayar tun yana da gashi, ya leƙo ta kan shinge. "Haƙa, Injiniya! Na'ura ba ta ƙarya. Ga shebur ma in ara maka."

Wannan karamci ya ɗan dami Zdravko. Tun safe mutumin ko ruwa bai ba shi ba.

"Goggo, kina nan aka binne wayar?"

"Ni na riƙa kai musu kindirmo! Malalata ne. Rana ta yi zafi, suka karkata ramin ya bi inuwar itatuwan tuffa, suka zagaya har bayan coci."

"Taswira ta ce a miƙe take."

"Wanda ya zana ta bai taɓa riƙe shebur ba."

Akwatin tsawon waya yake aunawa, babu ruwansa da taswira. Zdravko ya koma farko, ya bi inuwa, ya zagaya coci, yana ƙirga. Ɗari shida da arba'in ta tsaya cak a gindin sabon turken ƙarfe na garken awakin Grozdan.

"Kawu, yaushe ka kafa wannan?"

"Yau kwana uku," in ji Goggo Tsveta.

Grozdan ya sosa sanƙonsa. "Ni fa waɗannan na'urorin zamani ban cika yarda da su ba."

Zdravko ya miƙa hannu. "Kawo shebur ɗin da ka ce."