Masu Cin Ƙanƙara

Ƙarar ta fara ne a ƙarshen wani dare, lokacin da barci ya riga ya sake ni amma gari bai waye ba. Ƙaras, ƙaras, ƙaras. Sai shiru, sai ta dawo. Ina kwance a katifata ta ƙasa ina neman mai irin wannan sauti. Ba ɓera ba ne, ɓera ya fi haka gaggawa. Ba gara ba ce, ita sai ka kara kunne a katako. Ni tun ina yaro irin waɗannan abubuwa ne suke ɗauke mini hankali, su suka hana ni zaman aji. Na taɓa yin tafiyar yini don kawai in ga ɗan akuya mai kai biyu. A ƙarshe na yanke wa kaina cewa ƙasusuwan yaran gidan ne suke girma cikin barci. Tunanin ya yi mini daɗi, na koma na rufe ido.

Gidan na wata ƙungiya ce mai taimakon yara masu kansa da ciwon jini. Yana tsallaken titi daga asibiti, kuma nan iyalan da suka zo daga nesa suke sauka har a gama magani. Kowa da ɗakinsa, amma kicin ɗaya ne, firij ma ɗaya. Ni na zo ne da jikata, wadda muke kira Zabuwa saboda surutu. Kansar jini gare ta. Uwarta tana gida da ɗanyen goyo, ubanta direban babbar mota ne, kullum yana hanya, shi ya sa jinya ta faɗo kaina. Da magani ya zubar mata da gashi, ita da kanta ta ce yanzu sunan ya zauna mata daidai.

Ranar da muka sauka, Sista mai kula da yaran gidan ta zaunar da ni.

"Baba, ka saurare ni da kyau. Maganin nan yana kashe cutar, amma yana karya garkuwar jikinta. Zazzaɓin da wani yaro zai yi wasa da shi a jiki, ita zai iya kai ta ƙasa kafin yamma. In ya zo, ko loma ce a hannunka, ajiye ta ku tsallaka titi."

Kullum da sassafe, kafin ta wuce aikinta na asibiti, Sista takan bi ɗaki ɗaki da ma'aunin zafi, ta sa wa kowane yaro a ƙarƙashin harshe. Wanda nasa ya hau, sai ɗakin gilashi. Haka yaran suke kiran ɗakin da ake keɓe su a asibiti, inda babu wasa, babu baƙo sai da takunkumi, sai allura da ƙarin ruwa. Sun fi tsoronsa a kan cutar kanta.

A wannan makon ƙungiyar ta shirya kai yaran gidan namun daji. Sharaɗin ɗaya ne: mai zazzaɓi ba zai shiga mota ba. Zabuwa ba ta da zance sai na raƙumin dawa, don na gaya mata harshensa baƙi ne kuma ba a taɓa jin kukansa ba.

"Kaka, in na je na ji ya yi kuka fa?"

"Sai ki ce masa ya ba ni kunya."

"Kai dai ka cika ƙarya, tsoho."

Maƙwabciyarmu ta ɗakin gaba tela ce, muna ce mata Maman Soja, saboda ɗanta yana sara wa duk wanda ya gani da farar riga. Ita ce mai cika tiren ƙanƙara kowace yamma. Maganin yana fasa wa yaran baki, sanyi ne kawai ke lafar musu da raɗaɗin, don haka Sista ma ta yarda su riƙa tsotsa da rana. Sai dai a kwanakin nan Maman Soja ta fara mita.

"Wai aljanu ne a kicin ɗin nan? In cika da yamma, in zo da safe ba ko ɗaya!"

Na ce mata ai aljanu ma suna jin ƙishi. Ta ce, "Baba, kai komai wasa."

Daga nan Zabuwa ta fara yin shiru, kuma shirun Zabuwa abin tsoro ne. Ta daina tsokanata. Ta bar abinci a kwano. Da rana tsaka, ana zufa, na gan ta ƙudundune cikin bargo. Na ɗora tafina a goshinta, ban ji komai ba. Amma me zan ji? Rayuwata duka a gidan burodi na yi ta, ina jan tire daga tanda ba tsumma. Hannuna ya daɗe da daina sanin zafi. Na tambayi Sista, ta ce ma'auninta na safe lafiya lau, wataƙila kasalar magani ce. Na yarda da ma'auni, amma cikina bai yarda ba. Na kwana ina sauraron numfashinta, gajere gajere, kamar ta hau bene.

Asubar ranar tafiya ƙarar ta dawo. Wannan karon na juya don in ce wa Zabuwa ta ji ƙasusuwanta suna girma. Gadonta babu kowa.

Na fita ba takalmi. Ƙarar tana ƙaruwa ina matsawa kusa da kicin. Kafin in kai ƙofa, na ji tafiyar silifa da gudu ta ɗaya gefen, aka rufe wata ƙofa a hankali. Ban ga ko wane ne ba.

Firij a buɗe yake. A cikin haskensa na ga Zabuwa a tsugune, hularta ta ulu a kai, kumatunta cike. Tana tauna, jikinta yana karkarwa, ruwa yana bin haɓarta.

"Ke, me kike yi?"

Ta haɗiye da ƙyar. "Kaka, don Allah kar ka faɗa."

"In faɗi me?"

"In ka cika baki da ita kafin Sista ta zo, abin awon zafin ba ya hawa. Kowa ya sani."

"Kowa wa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Tun yaushe kike jin zazzaɓin?"

"Shekaranjiya. Yau kawai, Kaka. In na dawo zan je da ƙafata, wallahi."

Na tuna yadda marigayiya kakarta take yi wa yaranmu, na durƙusa na ɗora kumatuna a goshinta. Kamar na kusantar da fuskata bakin tanda.

Na ɗauke ta. Ban san ina da sauran wannan ƙarfin ba. Ta riƙa dukan ƙirjina tana kuka.

"Sauke ni! Magulmaci! Na daina yi da kai har abada!"

"Ki daina," na ce, "ki daina yi da ni, na yarda."

A ƙofar gida motar yaran ta riga ta iso, direban yana goge gilashi. Ya yi mini magana, ban ji me ya ce ba. A tsakiyar titi dukan ya tsaya. Hannunta ya saki wuyana ya faɗi, kanta ya koma baya, hular ta zame a kwalta. Na yi ta kiran sunanta, na yi ta ce mata ta zage ni, ba ta amsa ba.

A asibiti aka karɓe ta daga hannuna da gudu. Na tsaya a bayan gilashi ina kallon mutane suna neman jijiya a hannun da bai kai kaurin muciya ba. Wata nas ta ba ni kujera, na kasa zama. Sai da rana ta ɗaga sosai likita ta fito, wata doguwa mai tabarau.

"Kai ne kakanta? Ƙwayar cuta ta shiga jininta. Mun sa mata magani mai ƙarfi, jininta da ya yi ƙasa ya fara dawowa daidai, ta buɗe ido. Da ta shiga motar nan, Baba, da ba a dawo da ita a zaune ba. Amma ba zan ce maka mun tsallake ba sai mun ga gobe." Ta gyara tabarau. "Yaya aka yi ba a gani ba tun da wuri?"

Na ba ta labarin ƙanƙara. Ina cikin faɗa na tuna silifar nan da ƙofar da aka rufe. Likita ba ta bari na ƙarasa ba, ta zaro waya ta kira Sista. Sista tana cikin motar tare da yaran. Wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba.

"Je ka gaya wa mutanen gidan," ta ce. "Kowa ya nemi wanda zai samu a waya cikin motar nan."

Na tsallaka titi. Hular tana nan a gefen kwalta, mota ta bi ta kai. Na ɗauka.

Iyayen suna kicin, ranar hutunsu ce ta farko cikin watanni, ana shan shayi ana dariya. Da suka ga fuskata dariyar ta mutu. Na faɗa musu kamar yadda ya faru. Wani uba ya ajiye kofinsa ya fara danna waya. Mai kula da ofis ta fita da gudu neman lambar direba. Wata uwa ta ce ai ɗanta ba ya ƙarya, ta sake faɗa, ba wanda ya musa mata.

Maman Soja ta miƙe. Ta je ta buɗe firij, ta zaro tiren farko, ta zaro na biyu, ta juya su ƙasa. Ko ɗigo bai faɗo ba. Ta dube ni, ta dubi sauran ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, duka biyun na cika jiya har baki. Yarinya ɗaya za ta iya cinye wannan ita kaɗai?"