Zannuwan Esta a Kan Salati

Malam Natanayel dai da ya bar koyarwa a lakwal, sai ya ari ɗan fili a bakin kogi, can gangaren Yantala, wai shi zai yi garka. Mutumin da bai taɓa riƙe komai ba sai alli! Har ya yi wa matarsa Esta alkawari gaban 'yan majami'a cewa ranar Paska salatin hannunsa za ta ci.

To Paska kuwa tsakiyar bazara take zuwa. Sanyi na wucewa, masu garka suka tuge salatinsu suka zuba kuɓewa. Haoua, wadda garkarta ke jikin tasa, ta ce, "Malam, rana za ta dafa maka shi tun bai je tukunya ba. In ka nace, yi masa rumfar zana, ka ɗaga ta sama iska ta ratsa."

Neman zana wahala ne, akwatin Esta kuwa ga shi nan ƙarƙashin gado. Da ɗai-ɗai zannuwanta na fita unguwa suka riƙa bin Malam zuwa kogi.

Rumfa ta yi kyau, ba ƙarya. In rana ta take, haske ya ratso atamfa, sai ganyen ya koma shuɗi, can ja, can ruwan ƙwai. Malam yakan ajiye arozuwar, bokitinsa na ban ruwa, ya kishingiɗa a ƙasa mai laima, tsuntsayen da aka zana jikin zane suna ta shawagi bisa kansa, kwale-kwale na wucewa kamar ba a tuƙa shi. Wani lokaci har yakan ji salatin na numfashi.

Ran Juma'ar Paska Esta ta buɗe akwati, wayam. Haoua ce ta tsegunta mata, ita kuwa ba ta iya riƙe magana.

Esta ta iso garkar tana huci. "Baban Priska! Kayan nawa ka shanya wa ciyawa?"

"Shigo inuwa tukuna, ki yi faɗan a zaune."

Ta sunkuya ta shiga. Shuɗin haske ya sauka a hannuwanta, iskar kogi ta taɓa mata wuya. Rabin salatin ya ƙone, rabi na tsaye kore shar. Ta tsinki ganye ta tauna a hankali.

"Da ɗan ɗaci."

"Kaɗan ne."

"Sauke mini shuɗin nan, shi zan ɗaura. Sauran ka bar su, kada ya mutu kafin Lahadi." Ta tuɓe takalmi. "Matsa mana, ka cinye wurin."